SANIN MAI SAYE KAFIN A ƊAGA MURYAR TALLA

 

A wannan fitowa, bayan jerin farashin hatsi da na dabbobi da kuka gani a shafukan baya, mun ga ya kamata mu tsaya a kan wata magana wadda take cin kuɗin 'yan kasuwa da yawa ba su ankara ba, watau maganar talla. Sau tari za ka ji Alhaji yana ƙorafi, ya ce ya biya gidan rediyo, ya buga takardu, ya ba yara kuɗin mai sun zaga gari da lasifika, amma ga kaya nan jibge sun zama kwantai. Daga nan sai ya yanke hukunci, ya ce talla ɓarnar kuɗi ne. In ka zauna da shi ka ce, "Alhaji, wai da wa kake magana a cikin tallan nan?" sai ya ce, "Da kowa mana." To, a nan ne kuɗin suka zube. Maganar da aka yi wa kowa, ba wanda zai ɗauke ta tasa.

Dubi yarinya mai tallan fura. Ba ta taɓa shiga ofishin kamfanin talla ba, amma ta san ba a kai fura tasha da asuba, sai rana ta take, direbobi da 'yan dako sun ji ƙishi. Mai ƙosai kuwa da sassafe take kasa kaskonta a bakin hanyar masu zuwa aiki da 'yan makaranta. Kowacce ta san mutanenta, ta san inda suke, ta san lokacin da cikinsu ke kira, ta kuma san kuɗin da ke hannunsu. Wannan sanin shi ne manyan kamfanoni suke kashe dukiya mai yawa a kansa kafin su fitar da ko kalma ɗaya ta talla. Abin da muke so mu bayyana ke nan yau, daki-daki, yadda mai rumfa ɗaya ma zai amfana.

WA KE BIYA, WA KE ZAƁA?

Tambaya ta fari ita ce wannan, gama sau da yawa mai miƙo maka kuɗi daban, mai zaɓen kaya daban. Maigida shi ke zuwa cefane, amma uwargida ce ta gaya masa irin man gyaɗa da irin ɗunƙulen miyar da zai sayo, in ya kuskure kuwa zai dawo ya canza. Ango shi ke fitar da kuɗin lefe, amma yayyensa mata da gwaggonninsa su ke shiga Kantin Kwari su ɗaga turmi su ajiye. Kayan ɗaki kuwa uwar amarya ce da ƙawayenta. Saboda haka mai atamfa da leshi da ya tsara tallansa da maganar da za ta burge maza, ya yi shuka a idon makwarwa.

Kamfanin taliyar Indomie ya gane wannan tun da wuri. Asalin taliyar daga ƙasar Indunusiya take. An fara shigo da ita Nijeriya a 1988, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun. A lokacin mutanenmu ba su san irin wannan abinci ba, wasu ma ƙyamarsa suke yi. Sai kamfanin ya nufi yara. Aka riƙa dafawa ana rabawa kyauta a makarantu da wuraren taruwa, aka cika tallan da fuskokin yara da iyayensu mata. Yaro ba shi da ko sisi, amma shi ke kama zanen uwarsa a gaban kanti. Ga uwar kuma aka yi mata maganar da ta dame ta, watau abinci ne mai saurin dahuwa, ba ya cin itace ko kananzir. Waɗancan yara su ne magidantan yau, shi ya sa ka ga babu teburin mai shayi da za ka je ka rasa ta.

To, kai ma tambayi kanka: kayan nan nawa, wa ke cewa a sayo su? Da shi za ka yi magana.

NAWA KE ALJIHUNSA YAU?

Akasarin masu sayenmu ba 'yan albashi ba ne. Mai tura baro, mai facin taya, ɗan acaba, mai wankin hula, duk abin da suka samu yau shi za a ci yau. Irin wannan mutum ba ya tambayar nawa ne katan, nawa ne gwangwani. Tambayarsa ita ce, "Me wannan kuɗin da ke hannuna zai saya mini?"

Kafin 1993, madarar gari a Nijeriya galibi a manyan gwangwanaye ake sayar da ita, sai mai hali. A wannan shekara ce madarar Cowbell ta shigo, a hannun kamfanin da yanzu ake kira Promasidor. Masu ita suka lura cewa talaka yana son madara, kuɗin gwangwani ne ba shi da shi a lokaci ɗaya, kuma ba shi da firji. Sai suka ƙulla ta a 'yan ƙananan leda, daidai shayi kofi ɗaya, suka kuma yi ta da man tsirrai a maimakon kitsen nono don ta jure zafi a kan tebur. Ba a daɗe ba sauran kamfanonin madara suka bi sahu, yau kuma har sabulun gari da tumatir da man shafawa duk a ƙulle ake samunsu.

In ka duba da kyau, ai ba sabon abu suka ƙago ba. Ƙullin gishiri da na barkono da kashin tumatir, tun kakanninmu ake yinsu. Abin da kamfanin ya yi shi ne ya sauko ya dubi aljihun mai saye. Darasin da ke ciki ga mai talla shi ne, faɗi farashin da mutumin da kake nufi zai iya ji bai tsorata ba. In da 'yan sari kake magana, kira kuɗin buhu da na dila da ragin da ke kan buhu goma ko hamsin. In da magidanta kake, kira kuɗin tiya da rabin tiya da gwangwani. Wanda ya haɗa su biyun a talla ɗaya, ɗan sari zai ɗauka ƙaramin ɗan tebur ne, magidanci kuma zai ɗauka wurin ya fi ƙarfinsa, duk su wuce.

KAYA ƊAYA, BUKATA DABAN-DABAN

Wannan sashe na dillalan hatsi ne musamman. Ɗauki wake. A Kano da kewaye farin wake mai manyan ƙwaya shi ke gaba. Amma wanda ke loda mota zuwa Ikko ya san jan wake ya fi shiga a can. Mai ƙosai da mai alala suna neman wanda zai yi saurin saɓule ɓawo, ya yi auki in an markaɗa. Mai dafa wa gida yana neman wanda zai nuna da wuri. Mai ajiya har bazara kuwa abin da ya dame shi shi ne bushewa da rashin ƙwaro. Ga wake ɗaya, ga kunnuwa huɗu ko biyar. Dillalin da ya san aikinsa a Dawanau, da ya dubi baƙo ya ji tambayarsa ta farko, ya san wace siffar waken zai fara ambata.

Haka masu sayen kayan fita waje. Zoɓon da ake tarawa a Jigawa da Kano, babbar kasuwarsa tana ƙasar Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Riɗinmu kuwa yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Wakilin irin waɗannan kamfanoni, ba ruwansa da kirari ko rantsuwa. So yake ya ji kaya sun bushe, babu yashi, babu tsakuwa, ba a gauraya iri ba, kuma za ka iya cika adadin da aka yi alkawari a ranar da aka sa.

Akwai kuma abin da mai saye ke tsoro, wanda sanin sa ya kai sanin abin da yake so muhimmanci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami maganin ƙwari irin na fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima. Labarin ya bazu har cikin gida, mutanen birni da yawa suka shiga ɗari-ɗari da waken da ba su san yadda aka ajiye shi ba. To, wanda ya ajiye nasa a buhu mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, ko a jarka ko duro mai murfi, ba tare da ya zuba magani ba, yana da kalmar da ta fi kowace kalma tsada a wurin waɗannan mutane: "Ba magani a ciki." Amma fa sai in gaskiya ne.

DA IDO ZAI KARƁA KO DA KUNNE?

Bayan ka san mutumin, sai ka san ƙofar da magana ke shiga wurinsa. Ku masu karanta wannan takarda kun fi kowa sanin wannan. Mutum nawa ne a kasuwanninmu waɗanda ake rubuta su cikin marasa ilimi, alhali kuwa suna rubuta bashi da wasiƙa da lissafin kaya da ajami tsaf? Hukuma ma ta san da haka, shi ya sa tun da aka fito da naira a 1973 aka rubuta darajar kowace takarda da ajami. A 2007 aka cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma aka fito da sabuwar naira 100 babu shi, amma yana nan a kan naira 200 da 500 da 1000. A Kano ma, a shekarun 1980, an riƙa buga jaridar Alfijir da ajami domin waɗannan masu karatu. Saboda haka mai taki ko maganin dabbobi ko injin ban ruwa da ya kafa allo da Turanci zalla a kasuwar ƙauye, ya biya mai fenti ne kawai. Ƙara layi biyu na ajami da hoton kayan ba zai ci maka komai ba.

Sai rediyo. A ƙasar Hausa har yanzu rediyo abokin hira ne, a gona, a rumfa, a tsakar gida. Tun da aka buɗe gidaje masu zaman kansu, irin su Freedom Radio da ta fara a Kano a 2003, tashoshi sun yawaita, kowace kuma da masu saurarenta. Kuskuren da ake yi shi ne a tambayi ma'aikacin tasha, "Wane lokaci ne ya fi araha?" Tambayar da ta dace ita ce, "Wane shiri mutanena suke ji?" Shirin noma da kiwo daban, shirin mata da hantsi daban, shirin siyasa na dare da magidanta ke kasa kunne daban, shirin gaishe-gaishe da waƙoƙi na samari daban.

Sai wayar hannu, wadda ta shigo a 2001, yau kuma ta zama rumfa ta biyu. A nan ma sai an bambance. Mata masu sana'a a cikin gida da 'yan mata suna duba hotuna da bidiyo a WhatsApp da Instagram da TikTok, a can turare da atamfa da kayan kicin suke tafiya. Amma abokin cinikinka na ƙauye wanda boko bai zauna masa ba, dogon rubutu ba zai karanta ba. Aika masa da saƙon murya gajere, ka gaishe shi da sunansa, ka faɗi kaya da farashi da ranar da mota za ta tashi. Wannan ya fi masa takarda goma.

Kada kuma a raina tsofaffin hanyoyi. Mai shela a ranar kasuwa, da sanƙira, da direban da ke jigila tsakanin ƙauyuka, da mai shayin bakin tasha, har gobe suna isar da magana inda rediyo da waya ba su da tasiri, domin mutane sun san fuskarsu.

Harshe ma abin lura ne. Hausar da za ka yi wa Bakano, in ka kai ta Sakkwato ko Maraɗi za a gane, amma in mai karanta tallan ya yi ta da bakin mutanen wurin, sai su ji nasu ne. In masu sayenka daga Nijar suke zuwa, ka san da sefa suke lissafi, kuma jaka da dala a bakinsu ba daidai suke da naka ba, sai ka fayyace kada a yi rigima a wurin biya.

KOWANE KAYA DA LOKACINSA

Mutum ɗaya ne, amma aljihunsa da hankalinsa suna juyawa da shekara. Manomi da kaka yake da kuɗi. A lokacin ne ake yi masa tallan babur da kwanon rufi da keken ɗinki da kayan aure. In ka kai masa waɗannan a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga kuɗin ƙwadago, ko sauraronka ba zai yi ba. Taki da iri da maganin feshi kuwa tun bazara ake fara maganarsu, kafin ruwa ya zauna, gama in shuka ta fito ya riga ya saya a wurin wani.

Gero da sukari da dabino da man girki, tallansu tun watan Sha'aban ne. Mai shadda da yadi da atamfa, in ya bari sai goman ƙarshe na azumi, ya makara, domin teloli sun rufe karɓar ɗinki, sai dai mai kayan da aka riga aka ɗinka da takalma da huluna, wannan kam lokacinsa ke nan. Mai raguna kuma ya san masu sayensa kashi biyu ne: masu hali da ke saye da wuri su zaɓi balami ko uda mai cika ido, da ma'aikata masu jiran albashi waɗanda ba za su leƙo turke ba sai ana jibi Salla. Maganar da za ka yi wa na farko ita ce girma da kyau. Ta na biyu ita ce lafiyar dabba, da cikar shekaru, da farashin da zai iya.

Haka ranakun kasuwa. Wanda ke neman masu zuwa Maigatari ran Alhamis, ko masu zuwa Wudil ran Juma'a, saƙonsa ya isa gare su kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, lokacin da suke ƙulla kuɗi suna shawarar abin da za su sayo.

MUTUNCIN MAI SAYE

Ga wani wuri da masu wayo ma suke faɗawa. A 2009 kamfanin Tata na ƙasar Indiya ya fito da wata ƙaramar mota mai suna Nano, a kan rupi 100,000. Niyyarsu mai kyau ce. Sun ga magidanta suna ɗora mata da 'ya'ya a kan babur ɗaya cikin ruwa da rana, suka ce bari a yi musu mota daidai ƙarfinsu. Amma sai sunanta ya fita a duniya a matsayin motar da ta fi kowace mota araha. To, wanda ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya fita daga sahun masu babur, so yake maƙwabta su ce ya ci gaba. Ba ya son a nuna shi a ce ga mai motar talakawa. Da yawa suka gwammace su sayi tsohuwar mota mai suna. Akwai wasu matsaloli da suka taru a kan motar, amma shugaban kamfanin na wancan lokacin, Ratan Tata, da bakinsa ya yarda daga baya cewa laƙaba mata sunan araha kuskure ne. A 2018 aka daina ƙera ta.

Ka ga sun san aljihun mutumin, amma ba su san zuciyarsa ba. Mu ma a nan mun san araha ba ta ado. Kada ka ce wa mutum, "Zo ga na marasa ƙarfi." Ce masa, "Ga mai ƙarko, ga sauƙi." Kuɗin ɗaya ne, amma a ta biyun ka bar masa hularsa a kansa.

Haka kuma maganar kunya. Wasu masu maganin gargajiya suna kafa lasifika a bakin kasuwa suna sakin maganganun da uba ba zai iya ji tare da ɗansa ba. Taron yara da 'yan kallo za su samu, amma magidancin da ke da larurar, mai kuɗin saye, ba zai yarda a gan shi a wurin ba. Hoto ma haka. Shigar da za ta sayar da kaya a wani gari, a wani garin ita za ta sa a yage takardar.

YADDA ZA KA GANO MUTANENKA

Wani zai ce, "To, ni da ba ni da kuɗin ɗaukar masu bincike fa?" Ai binciken nan ba wani abu ba ne illa kallo da tambaya da saurare.

Dubi wayar Tecno da ta cika kasuwar Farm Centre a Kano. Kamfaninta, Transsion, na ƙasar Sin ne, ya juyo ga Afirka wajen 2008. Mutanensa suka zauna cikinmu suka ga muna yawo da waya biyu ko uku saboda kiran wani layi yana da tsada, sabis kuma yana yankewa, sai suka yi mai sim biyu. Suka ga wuta ba ta zama, suka yi batir mai daɗewa. Suka ga kyamarorin wasu wayoyi ba sa fitar da fuskar baƙin mutum sosai, suka gyara tasu. Suka sa Hausa da Suwahili da Amharik a ciki. Zuwa 2017 sun fi kowane kamfani yawan sayar da waya a Afirka. Duk abin da suka faɗa a tallansu, a bakin masu saye suka fara jin sa.

Tarihin atamfa ma haka yake. Turawan Holan sun fara buga ta ne a ƙarni na 19 don su kwaikwayi rinin mutanen Jawa a Indunusiya, su sayar musu. Mutanen can ba su karɓe ta ba sosai, suna ganin tsage-tsagen da injin ke bari aibi ne. Da aka kawo ta gaɓar Gana a ƙarshen ƙarnin, sai wannan tsagen ya zama abin so. Daga baya, tsakanin shekarun 1960 da 1980, manyan mata 'yan kasuwar Lome, waɗanda ake kira Nana Benz saboda motocin Marsandi da suke hawa, su ne suka zama kunnen masana'antu. Su ke gaya wa Turawa launin da mata ke so, su ke raɗa wa kowane zane suna, sunan kuma shi ke sayar da shi. Ka ga ashe dillali mai kunne ya fi allon talla.

Ga abin da za ka iya yi daga gobe, ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Ajiye ɗan littafi a rumfa. Duk baƙon da ya saya, cikin hira ka tambaye shi daga ina yake, wa ya kwatanta masa wurinka, kuma kayan na gida ne ko na sayarwa. Wanda ya taya ya tafi bai saya ba, shi ma rubuta abin da ya hana shi: tsada ce, launi ne, ko awo ne bai yi masa ba. Tambayi yaranka na rumfa, domin abin da mai saye ke jin nauyin faɗa wa Alhaji yana faɗa wa yaro. In ka yi wata guda kana haka, za ka ga mutanenka sun fito fili, watakila ma ba waɗanda kake zato ba ne.

LISSAFI

Bari mu buga misali da alƙaluman da muka ƙaddara don a gane. A ce masu sayar da taki biyu ne. Na farko ya kashe naira 100,000 a shirin waƙoƙi na dare, wanda dubban samarin birni ke ji. Mutum 5 suka zo ta dalilinsa. Na biyu ya kashe naira 40,000 kacal, wani kashi a shirin manoma, wani kashi ga mai shela a kasuwannin ƙauye biyu, ana saura mako uku ruwa ya sauka. Mutum 20 suka zo. In ribar da ake samu a kan kowane mai saye naira 6,000 ce, na farko ya sami 30,000 ya kashe 100,000, ya faɗi da 70,000. Na biyu ya sami 120,000 ya kashe 40,000, ya tashi da 80,000. Na farko ya fi yawan masu ji nesa ba kusa ba, amma ba yawan masu ji ake kaiwa banki ba.

Don haka kada ka zuba kuɗin talla gaba ɗaya. Fara da kaɗan a wuri ɗaya, ka ƙirga waɗanda suka zo, ka raba kuɗin da ka kashe da yawansu, ka gwada da ribarka. In ta fita ka ƙara, in ba ta fita ba ka sauya wuri ko lokaci ko magana. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji, don ka san wanne ne ya yi aiki.

GARGAƊI

Sanin mai saye ba lasisin cutarsa ba ne. Wanda ya gano abin da mutane ke tsoro ko suke kwaɗayi, sa'an nan ya yi musu ƙarya da shi, sau ɗaya zai ci. Kasuwanninmu na sanayya ne, labari kuma ya fi mota gudu, balle yanzu da kowa ke da waya. In kaya suna da aibi, faɗa. In mudunka ya cika, bar shi ya yi maka talla. Masu abinci da magani da kayan shafa su tuna hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ƙa'ida a kan abin da za a ce kaya suna yi, kuma tun 2022 hukumar ARCON ce ke sa ido a kan tallace-tallace a Nijeriya. Kafin ka biya kuɗin sa talla a rediyo ko talabijin ko babban allo, tambayi gidan ko an cika sharuɗɗan tantancewa, kada riba ta ƙare a tara.

To jama'a, kafin ɗayanku ya sake miƙa kuɗin talla, ya zauna ya kawo mutum ɗaya a ransa, wanda ya sani da fuska cikin masu sayensa. Ya tambayi kansa wa ke aiko shi, nawa ke hannunsa, me yake tsoro, ina yake jin labari, kuma yaushe kuɗi ke shigo masa. In ya iya amsa waɗannan, maganar da zai faɗa za ta zo da kanta. In bai iya ba, ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya koma rumfa ya ƙara saurare.

Wanda ya gwada ɗan littafin nan na wata guda, muna so ya aiko mana da abin da ya gani, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da kwantai. Wassalam.